ITACEN DIRKA: NA DAJI KO MAI MAGANI?

Da zarar kaka ta wuce, an kwashe gero da dawa da gyaɗa, an saki dabbobi su bi kara, sai aikin kafe-kafe ya taso a Sukuntuni da sauran garuruwan ƙasar Kankiya da Kusada. Mai garka yana so ya kewaye ta tun awaki ba su gano hanya ba, mai tireda yana so ya ta da rumfarsa wadda iskar damina ta karkatar, mai shanun huɗa yana neman turke, wani kuwa gadon rumbunsa ne ya zauna. Dukansu abu guda suke nema, watau itacen da za a binne gindinsa a ƙasa ya daɗe a tsaye.

A zamanin da ba a tsayawa shawara a kan wannan. Mutum ya saɓa gatari ya shiga daji, ya saro ƙirya ko marke, shi ke nan. Yanzu kuwa daji ya ja da baya, gonaki sun cinye shi, ɗan abin da ya rage kuma ba a sara sai da izinin malaman daji. Saboda haka mutane suka koma ga 'yan katako, inda ake tarar da sandunan turare da na bedi, da farin katakon da ake kawowa daga kudu, da wani kuma baƙi ƙirin ko kore-kore wanda mai sayarwa zai rantse ya ce mai magani ne, gara ba ta cinsa. To, a kan wanne ya kamata manomi ya sa kuɗinsa? Ya nemi itacen da aka halitta da ƙarko, ko kuwa wanda aka ɗura wa magani?

Ba a nan kaɗai ake wannan gardama ba. A Amurka da Kanada manoma da masu gidaje sun daɗe suna yinta. Suna da wani itace mai jan ciki da ƙanshi wanda suke kira sida, shi ba ya saurin ruɓa ko ba a sa masa kome ba. Suna kuma da wani farin itace mai laushi da araha da ake kira fayin, wanda ba ya jure ƙasa sai an tura masa magani da inji. Sida ba ya fitowa a ƙasar Katsina, ba kuwa mai hankalin da zai sa a ɗauko masa shi daga can don shingen garka. Amma ƙirya da giginya su ne sidan ƙasar nan, kuma dalilan da ke raba gardama can su ne ke raba ta a nan.

ABIN DA KE KA DA DIRKA

Abokan gaban dirka biyu ne, ruɓa da gara.

Ruɓa ba ruwa ne ke yinta da kansa ba, aikin wata irin fumfuna ce, dangin naman kaza, wadda ke shiga itace da zare-zarenta tana cinsa. Ita wannan fumfuna tana bukatar danshi da iska da ɗumi, in ta rasa guda ba ta aiki. Busasshen itace ba ya ruɓa. Wanda ya nutse can cikin laka inda iska ba ta kaiwa, shi ma yakan daɗe. Inda ukun nan suke haɗuwa shi ne daidai wuyan ƙasa, watau daga bakin rami zuwa kamar ƙafa 1 ko 1 da rabi a ciki. Shi ya sa kullum a nan dirka ke karyewa, a ɗaga ta a ga kanta lafiya lau, ƙarshen gindinta ma da sauran ƙarfi, amma wuyan ya zama kamar burodi.

A ƙasar Kankiya damina ba ta cika wuce wata 4 ko 5 ba, sauran watannin ƙasa a bushe take, don haka a kan jigawa ruɓa ba ta da sauri kamar yadda take a kudu. Gara ce babbar ɓarauniya. Ita ba ta jiran damina, domin tana hawowa da danshinta daga can ƙarƙashi, ta yi wa itace ɗaki da jar ƙasa don kada rana da tururuwa su same ta, ta cinye ciki ta bar fata. Mutum ya zo ya jingina da dirka sai ta lotsa. A fadama da garka kuwa, inda ake ban ruwa duk rani, su biyun suke haɗa kai, fumfuna ta tausasa, gara ta ƙarasa. Wannan bambanci yana da amfani ga mai saye. Itacen da ya yi shekaru a bakin rumfar kasuwa ba lalle ne ya yi rabinsu a garka ba.

JAN CIKI DA FARIN BAYA

In aka sare babban itace aka dubi bakin saran za a ga kashi uku. Akwai ɓawo daga waje, sa'an nan wani farin nama ya zagaya kamar zobe, sa'an nan tsakiya mai duhu, ja ko baƙi-baƙi. A nan za a kira su farin baya da jan ciki.

Farin baya shi ne ɓangaren da ruwa ke bi daga saiwa ya hau ganye. Hanyoyinsa a buɗe suke, kuma a cikinsa itace ke ajiye abincinsa. Shi ne tuwon gara, shi ne kuma ƙwaron nan mai huda itace ya zubo gari yake nema. Jan ciki kuwa tsohon nama ne wanda ya bar aiki, itace ya toshe hanyoyinsa da ƙaro da wasu abubuwa masu ɗaci da bauri waɗanda gara da fumfuna ba sa so. Duk ƙarkon da ake yabon ƙirya da shi a cikin jan nan yake. Farin bayan ƙirya bai fi na wani itace da wani abin kirki ba.

A nan ne sunan itace yake ruɗin mutane. Mai sayarwa ya kawo ɗan reshe mai kaurin damtse ya ce ƙirya ce, bai kuwa yi ƙarya ba, ƙiryar ce. Amma in an duba bakinsa sai a ga jan bai wuce kaurin yatsa biyu ba, sauran duk fari ne. A kafa shi, gara ta sheƙe farin, a bar ɗan siririn ja yana rawa cikin rami, iska ta zo ta kwantar da shinge. Sai mutum ya ce ƙiryar yanzu ba ta da albarka. Ba ƙirya ce ta sake ba, ƙanana ake sara tun ba su yi ja ba. Mutanen Amurka ma kukan da suke yi da sidansu ke nan, na tsohon daji wanda ya shekara ɗaruruwa kusan duk ja ne, na yanzu da ake sarewa da ƙuruciya fari ya yi masa yawa. Saboda haka mai sayen itacen daji kada ya tsaya ga tambayar suna kawai, ya juya gindin ya auna jan da idonsa. Kaurin jan shi ne kaurin dirkarsa na gaskiya.

Cikin itatuwan ƙasar nan ƙirya ce a gaba. Masassaƙa sun san ta wajen turmi da taɓarya da ƙota, maƙera kuma sun san gawayinta. Taurinta har yakan dakusar da gatari, ƙusa ma ba ta shigarta da daɗi sai an huda. To, amma waɗannan masu sonta su ne suka ƙarar da ita, kuma ba ta da saurin girma. Bagaruwa ma jan cikinta yana da tauri da ƙarko, sai dai ba ta cika miƙewa ba. Marke yana miƙewa, yana da ƙarfin ɗaukar kaya, amma baƙin cikinsa kaɗan ne, fari ya fi yawa, don haka ya fi kyau a sama wajen jiniya da giciye bisa ga a binne shi. Gawo da kuka da rimi da ɗorawa ba itacen dirka ba ne ko kaɗan, kuma kowannensu ya fi amfani a tsaye da ransa. Wanda ya sare gawo a gonarsa don turke ya sayar da taki ya sayi abincin gara.

Giginya ita dabam take da sauran, domin ƙarfinta a waje yake, cikinta ne mai laushi. Shi ya sa ake tsaga ta a fid da azara daga baya-baya, a yar da tsakiyar. Azarar tsohon namijin giginya, baƙa mai nauyi, gara ba ta cika kula ta ba. Wanda ke son shaida ya dubi tsofaffin soraye na Katsina da Kano, ko Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina tun ƙarni na 19, da azara aka ɗaure bakunansa. Amma ita ma akwai fara-fara mara nauyi wadda aka tsago daga ƙaramar giginya ko daga kusa da ciki, wannan ba ta kai ta farko ba. A ɗaga a ji nauyi, a dubi baƙin zaren ya cika ko bai cika ba.

Sai bedi, wanda wasu ke kira dalbejiya ko dogon yaro. Baƙo ne, asalinsa daga Indiya, a 1928 aka fara dasa shi a lardin Borno, amma yanzu ba garin da ba shi. Jan cikinsa yana jure gara ƙwarai, kuma yana da wani hali da ƙirya ba ta da shi, watau saurin girma, in kuwa an sare shi sai ya tofo da 'ya'ya miƙaƙƙu. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta Nijar, ƙungiyar CARE ta fara dasa jerin bedi don tare iska a 1975, daga baya mutanen wurin suka riƙa sassabe rassansa suna samun itacen gini da na sayarwa. Sai dai maganar nan ta fari da ja tana kansa shi ma. Ɗan tofon da bai daɗe ba kusan duk fari ne.

YADDA AKE ƊURA MAGANI

Dabarar tura magani cikin itace da ƙarfin inji tsohuwa ce. Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Bethell ya yi rajistarta a 1838, lokacin da hanyoyin jirgin ƙasa suka fara yawa ana neman katakon shimfiɗa wanda ba zai ruɓe ba. Har yau bisa tsarinsa ake tafiya. Da fari a ɓare itace a busar da shi sosai, domin in akwai ruwa a ciki magani ba shi da wurin zama. Sa'an nan a tura shi cikin wata doguwar tukunyar ƙarfe mai kama da tankin mai, a rufe ƙofa gam. A zuƙe iskar ciki da famfo har ta cikin ramukan itacen ta fito. A sako magani ya cika tukunya, a matsa shi da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota kamar sau 4 ko 5, a bar shi haka sa'o'i har itace ya ƙoshi. Daga ƙarshe a janye sauran maganin, a sake zuƙa don kada ya fito yana ɗiga.

Magungunan da aka fi sani biyu ne. Akwai kiriyosot, baƙin mai ne mai wari wanda ake tatsa daga kwaltar gawayin ƙasa, shi ne ake ji a jikin falwaya in rana ta yi zafi. Akwai kuma wanda ake kira CCA, gamin jan ƙarfe da kuromiyam da wata guba mai suna asanik, wanda wani masani ɗan Indiya, Sonti Kamesam, ya haɗa a 1933. Shi da ruwa ake dama shi, yana barin itace kore-kore, ba shi da wari. Jan ƙarfen yana kashe fumfuna, asanik yana kashe gara, kuromiyam kuwa shi ke ɗaure su a jikin itace don kada ruwa ya wanke.

Amfaninsa ba jita-jita ba ne. Ma'aikatar daji ta Amurka tana da filin gwaji a jihar Misisifi, wuri mai zafi da ruwa da gara, inda tun 1938 take kafa 'yan turakun fayin tana duba su. Waɗanda ba a sa wa kome ba galibi ba su cika shekara 3 ba. Waɗanda suka sha CCA sosai da yawansu sun haura shekara 40 suna tsaye.

Ga abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Magani ta hanyoyin ruwa yake bi, hanyoyin nan kuwa a farin baya suke buɗe, a jan ciki a toshe suke. Watau abin da ke aibi ga itacen daji shi ne alheri ga itace mai magani. Ɗanyen zaɓi ne mutum ya kafa sandar turare 'yar shekaru kaɗan haka nan ba magani, amma ita ɗin tana shan magani sosai in ta shiga inji, domin farinta yana da faɗi. Kuma sanda mulmulalliya ta fi katako mai kusurwa huɗu, saboda zoben maganin ya kewaye ta ba yankewa. Katakon da aka tsaga da zarto, kamar su tubaitu da tubaifo, wani gefensa fari ne wani ja, inda ja yake magani ba ya nisa ko da an matsa.

SHAFE BA ƊURI BA NE

Gaskiyar magana itacen da ya shiga inji ba shi da yawa a kasuwannin ƙauye. An fi ganinsa a falwayoyin lantarki. Yawancin abin da ake kira mai magani shafa masa aka yi da buroshi, ko aka tsoma shi cikin kwatami aka fid da. Ba a ce shafe ba shi da amfani ba. Magani irin su Solignum yana da kyau ga katakon rufi da ƙyaure da taga, waɗanda ke zaune a bushe nesa da ƙasa. Amma shafe ba ya shiga jikin itace fiye da kaurin ƙwayar gero. Hunturu na zuwa itace ya tsattsage, tsagar ta wuce inda magani ya tsaya, gara kuwa ƙofa guda ta ishe ta. Wani lokaci ma ba maganin ba ne, baƙin man mota ne aka tsinka da kananzir don a sami launi.

Ba wuya a gane. Mutum ya sayi guda ɗaya tukuna, ya sa kafinta ya yanke ta da zarto. Kada a yanka a baki, domin baki yana tsotson magani ko tsomawa aka yi. A shiga kamar ƙafa 1 sa'an nan a yanka. In ɗuri ne za a ga launin ya ratsa farin ya yi zobe mai kauri, aƙalla rabin inci, ko'ina daidai. In shafe ne sai a ga ɗan baƙin layi kamar an zana da alƙalami, ciki fari fat. Asarar sanda guda ta fi asarar ɗari. Mai saro kaya da yawa kuma ya tambayi mai inji wane magani aka sa, don wane aiki. A ƙasashen da abin ya kafu, kamar Afirka ta Kudu da Ostireliya, har lamba ake bugawa a jikin itace, H3 na saman ƙasa ne, H4 shi ne na binnewa. Tsohuwar falwaya in an same ta ta hanyar halal tana yin dirka mai kyau, amma wanda aka kawo wa falwaya da dare ya san abin da ya saya.

Wanda ba shi da hanyar inji yana iya kusantarsa a gida in ya sami kiriyosot. A sare sanduna da rani, a ɓare su nan take, a jera su a inuwa bisa duwatsu su bushe sarai. A tsayar da gindinsu cikin duro, a zuba mai har ya wuce inda wuyan ƙasa zai tsaya da inci 6. A hura wuta kaɗan-kaɗan mai ya yi zafi amma kada ya tafasa, kamar sa'a 2 ko 3, sa'an nan a janye wuta a bar su su kwana a ciki. Zafi yana korar iskar da ke cikin itace, in ya huce sai ya zuƙi mai a madadinta, watau sanyin ne ke aikin ba zafin ba. A yi wannan a fili, nesa da danga da rumbu da yara, domin man yana kama wuta.

Baƙin man mota shi kaɗai yana ɗan hana ruwa shiga, amma ba gubar gara ba ne, kuma yana ɓata ƙasa, bai kamata ya kusanci rijiya ko kwamin kayan miya ba. Babbake gindin dirka da ake yi tun kaka da kakanni, gaskiya ne gara ba ta cin gawayi, amma gawayin yana tsattsagewa ta bi ta ciki, ribarsa kaɗan ce. Kwalta kuwa in aka shafa wa ɗanyen itace ruwa ta kulle a ciki, gara ma a ce ba a shafa ba.

HATTARA DA TOKA

Akwai abu guda wanda itacen daji ya fi mai magani da shi nesa ba kusa ba. Dirkar ƙirya in ta tsufa sai a faskara ta a dafa tuwo. Mai magani kuwa ba a ƙona ta har abada. Gubar da ke cikin CCA ba ta ƙonewa ta ɓace, wata ta bi hayaƙi, wata ta taru a toka. A ƙasar da mata ke tace ruwan toka don miya, ake gasa tsire da masara bisa garwashi, ake kuma zuba toka a bola inda awaki ke kiwo, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tokar tana da ɗanɗanon gishiri-gishiri, shanu suna lasa, kaɗan kuwa ta isa ta kashe dabba. Guntayen da kafinta ya yanke da garin zarto ma kada a bari yara su kwashe su kai madafa, a haƙa rami nesa da rijiya a binne.

Haka nan ba a sassaƙa turmi ko akushi ko komin dabbobi da shi, ba a kuma shimfiɗa hatsi ko shanya a kansa kai tsaye. Kiriyosot yana ƙona fata, musamman cikin rana, mai aiki da shi ya rufe hannu, ya wanke da sabulu kafin ya ci abinci. Saboda irin wannan tsoro ne aka bar sa CCA a katakon gidaje da wuraren wasan yara a Amurka tun ƙarshen 2003, aka bar shi ga falwaya da ayyukan gona da makamantansu. Magungunan da suka maye gurbinsa can ba su da asanik, amma jan ƙarfensu ya fi yawa, yana cin ƙusa, sai an yi aiki da ƙusa da waya masu ruwan tutiya irin na kwanon rufi.

LISSAFI

Eka guda mai kusurwa huɗu daidai, kowane gefe yadi 70 ne, kewayenta yadi 280. In ana kafa dirka kowane yadi 3 don waya mai ƙaya, ana bukatar wajen 93. A ce mutum ya sayi farare marasa magani, a ce kuma suna yi masa shekara 2. Cikin shekara 20 zai saya sau 10, watau dirka 930, ya haƙa rami 930, ya kwance waya ya ɗaura sau 10. A ce masu ƙarko sun ninka waɗancan kuɗi sau 3 ko ma sau 4, in sun kai shekara 20 har yanzu bai kashe rabin abin da na farko ya kashe ba. Ba a ma sa daren da dirka guda ta faɗi shanu suka kwana cikin albasa ba. Kowa ya sa farashin kasuwarsu a wannan lissafi ya gani. Akawu da ɗan tireda sun saba raba kuɗi bisa shekaru, manomi ne ya fi duban abin da zai fita aljihu yau, ba kuwa laifinsa ba ne, kuɗin kaka ba su da yawa.

Ga wanda ƙarfinsa bai kai ya saya duka masu kyau ba, ba dukan dirkoki ne ke aiki daidai ba. Na kusurwa da na bakin ƙofa su ke ɗauke da jan waya, in sun faɗi shinge duka ya saki. A sa kuɗi a kansu, ko ƙirya mai kaurin ja, ko mai ɗuri, ko ta siminti. Tsakani kuwa a cike da bedi, ko ma a dasa masu rai. Dashi da ararrabi da cin-da-zugu da aguwa duk suna kamawa in an kafa reshensu gab da damina, itace mai rai kuwa gara ba ta cika damunsa ba, kuma ba a sake sayensa.

A garka da fadama, inda ƙasa ba ta bushewa, mai ɗuri na gaskiya ya fi, sai dai a ja shi baya kaɗan daga bakin rijiya. Turken dabba, wanda take lasa tana goga jiki, da duk abin da ke cikin gida kusa da madafa inda wata rana wani zai tsinta ya sa a wuta, na daji ya fi, ko da za a riƙa sakewa. Rumbu kuwa magabata sun riga sun raba gardama, ba su binne itacensa ba, a kan duwatsu suka ɗora shi. Itacen da bai taɓa ƙasa ba, iska na ratsa ƙarƙashinsa, ko marke ne ko bedi yakan daɗe, muddin ana leƙawa ana karkare ɗakin gara in ta fara hawa dutsen. Dirkar rumfa ma ana iya yi mata haka, a zuba ɗan dakalin kankare da ƙarfe a tsaye, a ɗaure ta a kai.

Kafawa ma tana ƙara kwana ko ta rage. Kowane irin itace ne a ɓare ɓawonsa, domin ɓawo yana riƙe danshi yana ɓoye ƙwari. A binne kashi ɗaya cikin uku, watau dirka mai ƙafa 6 a ba ta rami ƙafa 2, a mai da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddagewa da gindin dagi, a tsame kara da ciyawa daga ciki don su ne ke kiran gara. A gusar da tarin kara da tsohuwar danga daga gindin shinge. A fiƙe kan dirka ya yi gangare don ruwa ya zurare. Mai ɗuri kuwa kada a fiƙe gindinta, kada a sassaƙe ta da gizago don ta yi kyau, domin rigarta ake cirewa. In ta yi tsawo a rage daga sama, a shafe wurin da magani, a sa bakin da ba a yanka ba a ƙasa. In za a zuba kankare kada a yi masa gindi kamar ƙwarya ruwa ya kwanta a ciki, a sa tsakuwa a ƙasan rami, kankaren ya kewaye ta kawai, samansa ya ɗan tashi ya gangara waje.

Sau ɗaya a shekara, wajen watan Afrilu ko Mayu kafin iskar farkon damina, mai shinge ya zaga da fartanya da wuƙa. Ya tone gindin kowace dirka kamar inci 4, ya soka tsinin wuƙa a wuyan. In ta ƙi shiga a mai da ƙasa a daddage. In ta shige kamar cikin rogo a kafa wata kusa da ita tun ƙasa ba ta jiƙe ba.